VPN ɗin ofis yana aiki a hotsfot, amma ya ƙi rautar gida

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni akanta ce a wani kamfani da ke Abuja, amma kwana uku a mako daga gida nake aiki a Kano. Sun ba ni kwamfutar hannu mai Windows, da manhajar VPN da nake shiga sabar ofis da ita. Idan na jona da hotsfot ɗin wayata komai yana tafiya. A waifai na gida kuwa, VPN ɗin zai nuna ya haɗu, amma ma'ajiyar fayilolin ofis da manhajar lissafi ba sa buɗewa, wani lokacin kuma ya yanke da kansa. YouTube da WhatsApp lafiya lau suke a rautar. Masu kula da kwamfutocin ofis sun ce matsalar daga gidana ce. Rautar mai sim ce, kuma mun jona mata wata ta biyu da kebul don sabis ya kai ɗakunan ciki. Sabuwa zan saya?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ki riƙe kuɗinki tukuna. A irin abin da kika bayyana ba kasafai ake samun rautar ce ta lalace ba, kuma idan zargin da nake yi ya tabbata, sabuwar da za ki saya tana iya zuwa da matsalar tun daga cikin kwalinta.

Gwajin hotsfot da kika yi ya rage mana rabin aiki. Tunda VPN ɗin yana tafiya a can, kwamfutar lafiyarta ƙalau, kalmar sirrinki daidai take, sabar ofis ma tana amsawa. Abin da ya rage yana tsakanin teburinki da kamfanin layi. Sai dai idan layin wayarki da na rautar ba na kamfani ɗaya ba ne, to abubuwa biyu kika canja a lokaci guda, rauta da layi. Ki cire sim ɗin rautar ki saka a waya ki kunna hotsfot da shi, idan ya yarda, domin wasu a ɗaure suke da rautar da aka sayar da su tare. In VPN ya yi aiki haka, layin ya fita daga zargi, saura akwatunan nan biyu.

Batun cewa YouTube yana tafiya kuwa ba hujja ba ce. YouTube ɗebo bidiyon yake yi ya tara tun kafin ki kai wurin, don haka ko sabis ya ɗauke na daƙiƙa biyar ba za ki lura ba. WhatsApp kuma riƙe saƙo yake yi ya sake turawa. Shi VPN bututu ne guda ɗaya da aka shimfiɗa daga kwamfutarki har ofis, duk abin da zai wuce sai an naɗe shi, an kulle, an zura ta ciki. Abin da bidiyo zai shanye bai nuna ba, shi yana iya tsinka shi.

A tambayarki cuta biyu na gani. Ta farko, ya haɗu amma babu abin da ke buɗewa. Ta biyu, yana yankewa. Ba lallai tushensu ɗaya ba ne, kuma ta farkon ce ta fi hana ki aiki, don haka da ita zan fara.

Akwai Sabon Gari a Kano, akwai a Zariya. Idan kina Ƙofar Nassarawa kika tare mai adaidaita kika ce Sabon Gari, ba zai tambaye ki wanne ba. Na Kano zai kai ki, ko da na Zariya kike nufi. Haka kwamfuta take da adireshi. Kowace na'ura a gidanki tana da lamba da rautar ta ba ta, misali 192.168.1.5, kuma lambobi ukun farko su ne sunan unguwar. Tun 1996 aka ware rukuni uku na adireshi don amfanin cikin gida da ofis: masu farawa da 10, masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Kowa yana da ikon amfani da su, ba sai ya nemi izini ba. Masu ƙera rauta kusan duk suka tsaya a kan 192.168.0 ko 192.168.1, rautocin Huawei masu sim kuma galibi 192.168.8. To idan wanda ya fara haɗa kwamfutocin ofishinku shekarun baya ya bar lambar da rautarsa ta zo da ita, sai unguwar gidanki da unguwar ofis su zama suna ɗaya. Ki ce wa kwamfuta ta je 192.168.1.20, wato sabar lissafi a Abuja, ita kuma ta duba ta ga ai wannan unguwarmu ce, ta shiga nema a falonki. Bututun a buɗe yake, manhajar tana nuna kore, amma ba a zura komai a ciki ba.

Wannan ne ma ya bayyana dalilin da ya sa hotsfot ke aiki. iPhone yana raba adireshi masu farawa da 172.20.10, tsofaffin wayoyin Android kuma 192.168.43, kuma da wuya ki sami ofishin da ke amfani da waɗannan.

Ganewa ba wuya. Kafin ki kunna VPN, ki danna maɓallin Windows, ki rubuta cmd, ki danna Enter. A baƙin allon da zai fito ki rubuta

ipconfig

A ƙarƙashin sashen waifai ki dubi layin IPv4 Address da layin Default Gateway, ki rubuta su a takarda. Ki yi haka sau biyu, ɗaya kusa da rautar farko, ɗaya kusa da ta biyu, domin ina kyautata zaton lambobin za su bambanta. Sai ki tambayi mutanen ofis adireshin sabar lissafi da na ma'ajiyar fayiloli. Idan lambobi ukun farko suka yi daidai da na gidanki, an gama bincike. Wata alamar kuma ita ce imel yana shigowa, manhajar taro ta Teams tana aiki, amma abin da ke cikin ginin ofis kaɗai ke ƙin buɗewa, saboda waɗancan a intanet suke, ba sa bukatar unguwar ofis.

Gyaran minti goma ne. Ki buɗe burauza, ki rubuta lambar Default Gateway ɗin nan inda ake rubuta adireshin shafi. Sunan shiga da kalmar sirri galibi suna kan takardar da ke manne a ƙarƙashin rautar, in ba a canja ba. Ki nemi inda aka rubuta LAN, a wasu kuma DHCP. Ki canja lamba ta uku zuwa wadda ba kowa ke amfani da ita ba, misali 192.168.77.1. Yawancin rautoci suna gyara jerin adireshin da suke rabawa da kansu, in taki ba ta yi ba ki gyara shi ya fara da 192.168.77 shi ma. Kina adanawa shafin zai ɓace. Kada hankalinki ya tashi, rautar ce ta koma sabon adireshi. Ki kashe waifai na kwamfutar ki sake kunnawa. Wayoyi da talabijin za su dawo da kansu. Abin da zai iya maƙalewa shi ne na'urar da aka kafa wa adireshi da hannu, kamar firinta ko akwatin kyamarorin tsaro, su sai an bi su an gyara.

A 2020, lokacin kullen korona, wani ofishi da nake duba wa kwamfutoci ya tura ma'aikata gida, ranar farko wayata ba ta huta ba. Wasu komai na tafiya musu, wasu babu abin da ke buɗewa, alhali manhaja ɗaya, saiti ɗaya. Har da wanda ya riga ya sayi sabuwar rauta kafin ya kira ni, sabuwar kuma ta zo da lambar nan ta 192.168.1 irin ta tsohuwar. Da muka jera adireshin gidajen a takarda sai abin ya fito fili. Shi ya sa maganar da aka gaya miki cewa matsalar daga gidanki take, rabin gaskiya ce. Idan wannan ce cutar, asalin kuskuren na ofis ne, domin duk ofishin da ke da ma'aikata a gida bai kamata ya zauna a 192.168.0 ko 192.168.1 ba. Sai dai canja lambobin ofis gaba ɗaya aikin kwanaki ne, na gidanki kuwa na shan shayi ɗaya, don haka ke ce za ki matsa.

In lambobin ba su yi karo ba, sai mu koma zargi na biyu, wato girman ƙunshi.

Ranar jere, kwanuka da tukwane da labulaye duk suna shigewa ba wanda ya kula da faɗin ƙofa. Sai an zo kan gado da sif ake sanin ƙofar ƙarama ce. Bayanai a intanet ƙunshi-ƙunshi suke tafiya, kuma kowace hanya tana da iyakar girman da za ta ɗauka. Ana kiran iyakar MTU. A kebul na yau da kullum bait 1500 ne. A layin sim sau da yawa bai kai 1500 ba. VPN kuma yana ɗaukar ƙunshinki ya ƙara masa nasa mayafin, sai ya ƙara kauri. Shi ya sa WireGuard, wani nau'in VPN, yake tsayar da nasa a 1420, manhajar Cisco kuma 1406, don a bar wa mayafin wuri. Idan hanyar ta fi abin da manhajar ta zata ƙunci, ƙananan ƙunsoshi za su wuce, manya su maƙale. Gaisuwar farko tsakanin kwamfutarki da saba ƙanana ce, don haka za ki ga ya haɗu. Kina cewa a buɗe babban fayil ɗin Excel, sai ya tsaya yana juyi.

A ƙa'ida, na'urar da ƙunshin ya maƙale a wurinta tana aiko da saƙo cewa a rage. Amma wurare da yawa suna toshe irin wannan saƙon da sunan tsaro, sai mai turawa ya yi ta tura gadon, ƙofa tana mayar da shi, ba wanda ya gaya masa.

Alamarta daban take da ta rikicin adireshi. A can babu abin da ke amsawa ko kaɗan. A nan abu yana farawa ya tsaya: jerin fayiloli ya fito amma fayil ɗin ya ƙi buɗewa, shafi ya buɗe rabi, ko ki shiga kwamfutar ofis daga nesa ki tarar da baƙin allo. Ki gwada da VPN a kashe, a baƙin allon nan:

ping -f -l 1472 8.8.8.8

Harafin da ke bayan alamar ta biyu ƙaramin L ne, ba lamba ɗaya ba, 8.8.8.8 kuma adireshin wata sabar Google ne a intanet. Ana sa 1472 ne saboda ping yana ƙara bait 28 na kansa, jimla 1500. Idan amsa ta dawo, hanyar cikakkiya ce. Idan ya ce "Packet needs to be fragmented but DF set", ko ya yi shiru har lokaci ya ƙare, ki rage zuwa 1440, sannan 1400, sannan 1372, har ki sami mafi girman lambar da ke wucewa. Ki ƙara mata 28, wannan ne faɗin ƙofarki. Ki maimaita a hotsfot. In lambar hotsfot ta fi ta rauta, kin sami hujjar da za ki kai ofis.

Na ce ki kai ofis ne saboda gyara mai ɗorewa a manhajar VPN ɗin yake, a rage nata iyakar zuwa kamar 1350 ko 1300, kuma kwamfutar kamfani ba kasafai take ba ma'aikaci ikon taɓa wannan ba. Akwai wurin MTU a shafin WAN, wato ɓangaren da intanet ke shigowa, na rautoci da yawa, za ki iya sa lambar da kika samu a ciki, wani lokacin ya wadatar, wani lokacin bai wadatar ba. Yawancin manhajojin ofis, irin su Cisco AnyConnect da GlobalProtect da OpenVPN, suna iya tafiya ta ɗaya daga hanyoyin tura bayanai biyu, UDP ko TCP. Ki ce su gwada miki ta TCP a ƙofa ta 443, wadda ita ce ƙofar da shafukan intanet ke bi. Ya ɗan fi nauyi, amma ya fi jure wa ƙuntatacciyar hanya.

Akwai na uku da ke kama da waɗannan, shi ne fassarar suna. Idan kika rubuta adireshin sabar da lambobi ta buɗe, amma da sunanta ta ƙi, to kwamfutar tana tambayar rautar gida ne ina sabar take, maimakon ta tambayi ofis, rautar kuwa ba ta taɓa jin sunan ba. Na sha ganin haka a rautocin da ke raba sabon tsarin adireshi, IPv6, alhali VPN ɗin tsohon tsarin, IPv4, kaɗai ya sani. Ki kashe IPv6 a rautar na ɗan lokaci ki gani. In akwai wani tsarin tace shafuka saboda yara da aka kunna, shi ma ki dakatar da shi yayin gwaji.

Yanzu batun yankewa, kuma a nan rautarki ta biyu ce nake kallo.

Idan an jona ta ne kamar yadda yawancin mutane ke yi, wato kebul ya fito daga ta farko ya shiga ramin WAN na ta biyu, to gida biyu kike da su a cikin gida ɗaya, kowacce tana raba nata adireshin. In kuma an ba su sunan waifai ɗaya da kalmar sirri ɗaya don sauƙi, kwamfutar za ta riƙa sauya sheƙa tsakaninsu duk lokacin da ta ga ɗaya ta fi ƙarfi. Tana sauyawa adireshinta ya canja, bututun ya tsinke. Yana ma iya zama ɗaya ce ke karo da lambobin ofis, ɗayar ba ta yi, sai abin ya riƙa aiki yau ya ƙi gobe, gwargwadon ɗakin da kika zauna. Maganin shi ne a mayar da ta biyun mai watsa sabis kawai. A rautocin TP-Link na yanzu akwai Operation Mode, a ciki ki zaɓi Access Point. A tsofaffin da ba su da wannan, ana kashe DHCP ɗinsu, wato saitin da ke raba adireshi, a ba su adireshi ɗaya daga unguwar ta farko, a cire kebul daga ramin WAN a mayar ramin LAN. Ki lura, bayan an yi haka duk adireshin gidan daga rautar farko zai riƙa fitowa, don haka ita ce za ki canja wa lamba idan akwai karo.

Bayan wannan, ki kula da lokacin da yake yankewa, domin lokacin ne ke nuna mai laifi.

In yana yankewa ne idan kin tashi kin bar kwamfutar, kin je salla ko kicin kin dawo, to shiru ne ya kashe shi. Rauta kamar maigadi take mai littafi: duk wanda ya fita sai ta rubuta, don idan amsa ta dawo ta san na wa ce. Layin da ya daɗe ba motsi sai ta goge shi, kuma na UDP ta fi saurin gogewa. Kamfanin layi ma yana da nasa babban littafin. Don haka ake sa VPN ya riƙa tura ɗan saƙon "ina nan" a kai a kai. A WireGuard daƙiƙa 25 aka saba sawa, a IPsec, shi ma nau'in VPN ne, 20. Ki gwada: bayan kin haɗu, ki rubuta ping -t sannan adireshin wata sabar ofis, ki bar shi yana ta tafiya. In yankewar ta daina, ki gaya wa ofis su duba saitin wannan saƙon na "ina nan", wato keepalive. Ki kuma duba ko kwamfutar na kwanciya barci da kanta, musamman idan tana kan batiri.

In yana yankewa ne idan an ɗauke wuta ko an juya zuwa janareta, wannan ba ya bukatar bincike. Kwamfutar tana da batiri, ba ki ji komai ba, amma rautar ta mutu ta farfaɗo, kuma tana ɗaukar minti ɗaya ko biyu kafin ta dawo, sau da yawa da sabon adireshi daga kamfanin layi. Ɗan ƙaramin UPS na rauta, wato batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, ya raba wannan gardamar, kuma bai kai kuɗin sabuwar rauta mai kyau ba. Ki dubi abin da aka rubuta a jikin cajar rautar kafin ki saya, yawanci 12V ne amma akwai masu 9V da 5V. Rautoci biyun duka suke bukata, ba ɗaya ba.

In kuwa babu tsari, yana yankewa kina tsakiyar aiki, ki buɗe baƙin allo biyu da VPN a kashe, a daidai lokacin da ya saba yi miki. A ɗaya ki rubuta ping -t da adireshin rautar, a ɗayan ping -t 8.8.8.8. Ki bar su kamar awa guda kina lura. Idan na rautar ne ke nuna "Request timed out", matsalar tsakanin kwamfuta da rauta take, wato waifai. Zangon 5GHz ya fi sauri amma bangon bulo da dakin suna cinye shi. Na 2.4GHz ya fi ratsa bango amma cike yake da rautocin maƙwabta, kuma tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Ni dai shawarata ga duk mai aikin ofis daga gida ita ce kebul. Mita goma na kebul daga rauta zuwa tebur ya fi duk wani saiti da zan koya miki. Idan kuma na rautar yana amsawa lafiya, na 8.8.8.8 ne ke ɗaukewa, to tsakanin rauta da turken sabis ne. Ki matsar da ita kusa da taga ta ɓangaren da sabis ya fi ƙarfi, amma ba inda rana ke dukanta ba, domin a zafin Maris da Afrilu na Kano rauta tana yin zafi ta sake kunna kanta. A saitin netwok ki tsayar da ita a 4G kaɗai maimakon Auto, don ta daina sauka da hawa. Ki kuma lura ko abin yana zuwa ne da yamma, lokacin da yara suka dawo wayoyinsu suka fara loda hotuna da bidiyo. Hanyar turawa ta fi ta saukewa ƙunci a layin sim, kuma idan ta cika VPN ne ke fara shaƙewa.

Wani lokacin ma ba gidan kowa ba ne. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane da yawa sun yini suna kashe rauta suna kunnawa a banza. In yankewar kuma tana zuwa ne bayan awanni iri ɗaya kullum, misali awa takwas cif daga shigarki, wannan doka ce da ofis ya sa.

Za ki gamu da masu ce miki ki buɗe ƙofofi a rauta, ko ki sa kwamfutar a DMZ, saitin da ke buɗe mata dukkan ƙofofin shigowa. Kada ki yi. Kwamfutarki ce ke fita neman ofis, ba ofis ke shigowa nemanki ba, don haka babu ƙofar shigowa da ake bukata. Ki ma dubi adireshin WAN na rautar. Idan ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, rukunin da aka ware wa kamfanonin layi a 2012, to ke da ɗimbin mutane kuke raba adireshin waje guda ɗaya, kuma duk ƙofar da kika buɗe a gida akwai wata a rufe a gabanta. Haka layukan sim suke, haka ma Starlink yake yi wa masu tsarin gida. Inda buɗewar za ta yi tasiri kuma, garin neman gira ne a rasa ido, an bar kwamfutar kamfani a bakin titi.

Abin da ya halatta ki taɓa shi ne VPN Passthrough, saitin da ke taimaka wa VPN ya ratsa rauta, wasu rautocin suna sa shi a ƙarƙashin ALG. Amma shi ya fi shafar wanda VPN ɗinsa ya ƙi haɗuwa tun farko, ba irin naki ba. Saboda masu karatu da ke da waccan matsalar: a VPN ɗin da ke cikin Windows, lamba 691 tana nufin suna ko kalmar sirri ba daidai ba, 809 tana nufin saba ba ta amsa ba, galibi wani abu ya tare hanya, 806 kuma tsohon nau'in VPN mai suna PPTP ne ya kasa wucewa. IPsec yana bukatar ƙofofin UDP 500 da 4500. In Passthrough a kashe yake a kunna, in a kunne yake kuma abin bai yi ba a gwada kashewa, domin a wasu rautocin taimakon nasa ne ke ɓata lamarin. Ofishin da har yanzu yake kan PPTP kuwa ya kamata ya tashi daga kai, Apple ya cire shi daga na'urorinsa tun 2016 saboda raunin tsaronsa. A duba agogon kwamfuta da na waya, domin lambar sirri ta manhajar tantancewa duk daƙiƙa 30 take canjawa, agogo ya kauce sai a ƙi ta. A duba irin datar da aka saya, don akwai ta WhatsApp da Facebook kaɗai. A kuma cire manhajojin VPN na kyauta da aka saka tun lokacin da aka rufe Twitter a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, waɗanda har yau suke kwance a kwamfutoci da yawa suna rigima da na ofis.

Kafin ki taɓa kowane saiti ki ɗauki hoton shafin da waya. Ki canja abu ɗaya, ki gwada, sannan ki matsa, in ba haka ba ko ya gyaru ba za ki san me ya gyara shi ba. Ɗan ramin Reset na bayan rauta kuma ki bar shi, yana share sunan waifai da kalmar sirri da saitin layi, sannan ya mayar da ita kan lambar nan da muke gudu. Kada ki kashe kariyar da kamfani ya sa a kwamfutar, ko da wani ya rantse miki ita ce matsalar.

Da ni ne a gidan da daren nan, zan jona kwamfutar da kebul kai tsaye a rautar farko, in kashe ta biyun gaba ɗaya, in gwada. Daga nan ipconfig, sai canjin lamba, sai gwajin ping. Idan za ki koma wa mutanen ofis, ki tafi musu da adireshin da rautar ta ba ki, lambar MTU ta rauta da ta hotsfot, lokutan da ya yanke, da abin da ya buɗe da wanda ya ƙi. Manhajar VPN tana ajiye tarihin abin da ya faru, sabarsu ma haka, kuma idan kika ba su ainihin minti za su iya ganin wane ɓangare ne ya fara sakin bututun.

Sayen sabuwa yana zama dole a hali ɗaya: idan rautar mai sim irin wadda aka kulle ce, babu wurin canja LAN, babu MTU, babu zaɓin tsayar da ita a 4G. Ko a nan ɗin, kafin ki je kasuwa, ki bar ta biyun a matsayin cikakkiyar rauta, ki ba ta 192.168.77.1, ki kashe waifai na ta farko, kowa a gidan ya koma kan ta biyun. Kwamfutarki unguwar da take ciki kaɗai take gani, ba ruwanta da lambar da ke tsakanin rautocin biyu.